Tambaya: wai da gaske akwai maƙabarta a Alƙahira da mutane ke zaune a cikinta?

Abu Sumayya

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka zauna Masar ko suke can yanzu haka. Wani bidiyo na gani yana yawo a Facebook, katafila tana rusa wasu gine-gine masu ƙubba, masu kyau wlh, ni da farko na ɗauka masallatai ne, sai na ji mai maganar yana cewa wai kaburbura ne a wata tsohuwar maƙabarta a Alƙahira, kuma wai har mutane ne ke zaune a ciki da matansu da yaransu, ana girki ana shanya. Abin ya ɗaure min kai gsky, don mu abin da muka tashi muka gani shi ne a tara ƙasa a kafa ɗan itace ko fasasshiyar tukunya, shi kenan a watse. To su wa suka yi waɗannan gine-ginen, tun yaushe, su wa ke kwance a ciki, kuma me ya sa yanzu ake rushewa? Wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Azhar

Wa alaikumus salam Abu Sumayya. Gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Wajen sunansa Ƙarafa, Turawa kuma su ce masa birnin matattu, yana kwance a gindin dutsen Muƙaɗɗam ta gabas da kudancin tsohon gari, kuma kar ka ƙiyasta shi da maƙabartun da ka sani, gari ne sosai mai tituna da lunguna da shaguna da masu shayi, motar haya ma tana shiga.

Asalinsa tun zuwan Musulunci Masar ne. Da Amru ɗan Asi ya ci ƙasar ya kafa garin Fusɗaɗ wajen shekarar 641, sai aka fara binne mutane a filin da ke tsakanin garin da dutsen, to tun daga lokacin ba a daina ba, lissafa ka gani, sama da shekara 1,300 kenan ana kai gawa waje ɗaya. Akwai sahabi Uƙuba ɗan Amir a can, akwai Laisu ɗan Sa'ad, akwai Sayyida Nafisa, akwai Zunnun Almisri, akwai Ibnu Aɗa'illah, akwai Ibnu Hajar Al'asƙalani da ya rasu 1449. Amma wanda ya fi jan mutane shi ne Imamu Shafi'i, ya rasu shekara ta 204 bayan hijira, wato 820.

Idan ka sauka a dandalin Sayyida A'isha ka miƙe titin da ake kira da sunan Imamu Shafi'in, za ka yi ta wuce katangu da ƙofofin ƙarfe hagu da dama har ka hango ƙubbar, launinta toka-toka saboda katako ce aka lulluɓe da dalma. Sarki Alkamil na gidan Ayyubawa ne ya gina ta a 1211 lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, aka binne ta a nan kusa da Imam. Kafin shi kuma Salahuddin ya riga ya gina makaranta a gefen kabarin, kuma a zamaninsa aka yi akwatin katakon da ke kan kabarin, an rubuta shekarar 574 a jiki, wato 1178, har da sunan kafintan da ya yi, Ubaidu ɗan Ma'ali. Wlh akwatin nan sai ka tsaya ka ƙura masa ido, ƙananan guntayen katako ne aka sassaƙa kowanne da ganyayyaki aka harhaɗa su suka ba da taurari, ga ayoyi sun zagaye shi, aikin da ya haura shekara 800 amma bakin sassaƙar bai mutu ba. A can ƙololuwar ƙubbar kuma wani ɗan kwale-kwale ne na tagulla, ana cewa da hatsi ake zubawa a ciki saboda tsuntsaye. An yi wa wajen gyara na shekaru aka sake buɗe shi a 2021.

Maganar masu zama a ciki kuma, ka san su Misirawa kabarinsu na dangi ne. Iyali za su mallaki abin da suke kira hoshi, wato tsakar gida da katanga da ƙofa, a ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakin ajiye gawa, ɓangaren maza daban na mata daban, a rufe bakin da falalen duwatsu a rufe da ƙasa, in an yi rasuwa a buɗe a saka a mayar. A sama kuma akan gina ɗaki ɗaya ko biyu inda dangi ke zama in sun zo ziyara ranar Juma'a ko da salla, su zo da burodi da dabino su raba sadaka, a kira mai karatu ya karanta. To masu gadin wajen da masu binnewa, waɗanda suke kira turabi, tun asali a nan suke zaune kuma sana'ar gado ce. Daga baya da ƙauyawa suka yi ta kwararowa Alƙahira gidan haya ya gagari talaka, sai aka yi ta shiga waɗannan ɗakunan, girgizar ƙasar 1992 ma ta ƙara turo wasu. Ni na ga tsohuwa zaune a bakin ƙofar hoshi tana gyaran ganyen miya a faranti, jikanta yana aikin makaranta ya ɗora littafin a kan marmarar kabari. Talauci ne ya kai su, in ka zauna da su za ka ji ba wanda ba ya son a ba shi gida mai famfo.

Hadiza Mai Zane

Sannu da ƙoƙari Ɗan Azhar, amma ka tsaya a kudu ka bar inda aikin yake. Ni zanen gine-gine na karanta, kuma abin da ya sa nake jin zafin wajen nan shi ne ɓangaren arewa, wanda suke kira Saharar Mamalik. Mamalik ɗin nan bayi ne da ake sayowa suna yara daga yankunan Turkawa da Kaukasus a horar da su aikin soja, har suka karɓe mulkin Masar daga 1250 zuwa 1517, kuma kusan kowane sarki da kowane babban kwamanda a cikinsu burinsa ya gina inda za a binne shi tun yana raye.

Abu Sumayya abin da zan so ka lura da shi shi ne, a maƙabartun Turawa irin na Italiya da Faransa adon kabari mutum-mutumi ne, mala'ika mai fukafukai, mace tana kuka, da sauransu. Su waɗannan ba su da wannan hanyar tunda Musulmi ne, sai duk basirar ta koma kan abu uku, rubutu da lissafin layuka da ganye. Kuma a kan ƙubba suka zuba ta, ƙubba ta dutse zalla ba bulo ba, a sassaƙe ta waje inda rana za ta buga.

Kana iya bin yadda hannunsu ya yi ta gogewa a cikin shekara kamar saba'in, a titi ɗaya, da ƙafa. Ka fara da ginin Sarki Faraj ɗan Barƙuƙ, an fara 1400 aka gama 1411. Uban, Sarki Barƙuƙ, yana da katafaren gini a tsakiyar gari amma ya bar wasiyya a binne shi a sahara kusa da wasu shehunan sufaye, shi ne ɗan ya cika masa. Ƙubbobi biyu ne, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, faɗin kowace ya haura mita 14, adonsu layuka ne masu lanƙwasa sama da ƙasa kamar haƙoran zarto tun daga gindi har ƙoli. Shi Faraj ɗin ma bai samu kwanciya a ciki ba, a Dimashƙa aka kashe shi a 1412. Ka ɗan taka gaba sai ginin Sarki Barsbay na 1432, a nan an bar zarto an koma taurari masu sarƙe da juna. To nan wahalar take, duk wanda ya taɓa zana tauraro a takarda ya san a shimfiɗe abu ne mai sauƙi, amma ƙubba tana tsukewa ne tana hawa, dole kowane tauraro ya ragu daidai gwargwado kuma layinsa ya haɗu da na maƙwabcinsa a daidai gaɓar da dutse ya haɗu da dutse, ba kwamfuta ba komai, igiya ce da ma'auni da ƙwaƙwalwa.

Sai ƙubbar Sarki Ƙayitbay, 1472 zuwa 1474, wadda ni a wajena ba a yi kamarta ba. Zane biyu ne aka ɗora wani kan wani, na taurari mai miƙaƙƙun layuka, da na reshe da ganye yana ratsawa ta cikinsu, kuma an bambanta yadda aka sassaƙa kowanne don ido ya iya raba su, in ka bi ɗaya da kallo sai ɗayan ya koma baya. Wanda ya san zayyanar da alarammomi ke yi wa allon sauka zai gane abin da nake nufi, sai dai wannan a dutse ne kuma a saman gini. Da safe daban take, da la'asar daban, saboda inuwa ce ke fito da zanen. A ciki kuma ga tagogin farar ƙasa da aka huhhuda aka cusa gilashi mai launi, ga bango layin ja layin fari, ga mumbari da aka yi wa ado da hauren giwa. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar fam ɗaya ta Masar ya ga ginin nan, shi ne a jiki.

In kuma kana son ganin yadda abin ya canza daga baya, koma bayan Imamu Shafi'i akwai Hoshil Basha, inda aka binne iyalan Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar, a ƙarni na 19. Can marmara ce da fenti da ruwan zinare, furanni ko'ina, kuma a kan kowane kabari akwai doguwar marmara a tsaye da aka sassaƙa wa kai, in rawani ne ko jar dara to namiji ne, in jelar kitso ce ko kambi to mace ce. Yana da kyau amma ni ya cika min ido da yawa, na Mamalik ya fi nutsuwa.

Malam Sani Tudun Wada

Assalamu alaikum. Na karanta bayananku kuma na ƙaru, Allah ya saka. Amma ina ganin bai kamata a yi ta yabon kyan gini a bar hukunci ba, kar yara su karanta su ɗauka abin koyi ne. Hadisin Jabir yana nan a Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ya hana a zauna a kansa, ya hana a yi gini a kansa. Haka nan Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj ya ce kar ya bar kabarin da aka ɗaga sai ya daidaita shi. Shi kansa Imamu Shafi'in da aka yi wa wannan ƙubba, a cikin littafinsa Al'umm ya faɗa cewa ya ga mahukunta a Makka suna rushe abin da aka gina a kan kaburbura kuma bai ga malamai suna aibata hakan ba. Duk wanda ya je Madina ya ga Baƙi'a yadda take, manyan sahabbai ne a ciki amma ƙasa ce da ɗan dutse. To wa ya fi su? Ni abin da na gani a wannan tarihin shi ne sarakuna sun kwashi dukiyar talakawa sun gina wa gawarsu fada.

Ɗan Azhar

Allah ya gafarta Malam, maganarka tana kan hanya kuma ba yau aka fara ta ba, a cikin Masar ɗin ma an yi ta tun ginin yana sabo. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya da ya rasu 1336, wanda Shehu Usmanu yake yawan kawo maganarsa, ya yi suka mai zafi a kan gine-ginen Ƙarafa a littafinsa Almadkhal, har ya kawo labarin cewa Sarki Baibaras ya yi niyyar rushe su gaba ɗaya, aka nemi fatawar malamai suka ce a rushe, sai dai sarkin ya tafi Sham ya rasu ba a yi ba. Hujjarsu ma har da cewa filin na dukkan Musulmi ne, in mai kuɗi ya kewaye wani yanki ya tsuke wa talaka wajen kwanciya. Kuma shi Ibnul Hajj ɗin a Ƙarafar aka binne shi.

Abin da zan ƙara kawai shi ne dalilin da ya sa ba kabari kaɗai suke ginawa ba. A tsarin Mamalik dukiyar kwamanda ba ta da tabbas, yau kana sama gobe sarki ya ƙwace komai, ɗanka ma ba lallai ya gaji muƙaminka ba. Hanyar da ta rage ita ce wakafi, ka gina masallaci da makaranta ka tsayar musu da gonaki da shaguna, ka sa 'ya'yanka su zama masu kula suna cin wani kaso, tunda taɓa wakafi abu ne mai wuya ko ga sarki. Shi ya sa a ginin Ƙayitbay za ka ga wajen shayar da mutane ruwa kyauta a ƙasa, makarantar marayu a samansa, ga kwamin shayar da dabbobi, ga dogon gidan haya da kuɗinsa ke tafiyar da wajen. Niyyar ta haɗu da son duniya da neman lada da neman suna, Allah ne ya san rabon kowanne, amma dai ruwan an sha, yaran sun yi karatu, kuma masallacin har yau ana salla a ciki.

Ag Agadas

Salamu alaikum, ku ba ni dama in sa baki daga Nijar. Malam Sani ina girmama maganarka, amma ina so mu raba abu biyu. Wanda yake rusau yau ba don raya sunna yake yi ba, titi yake so da gadar sama, kuma katafila ba ƙubba kaɗai take ɗauka ba, har ƙasusuwan da ke ƙasa sai an tono. Ko wanda yake ganin ginin haramun ne ai ba zai ce a tone Musulmi don mota ta rage minti goma ba.

Kuma jama'a ku san su wa ke kwance a wajen nan, don ba baƙinmu ba ne. Imamu Warshu, wanda da ruwayarsa muka yi karatun allo daga Agadas har Kano har Maiduguri, a Ƙarafa yake, ya rasu 197 bayan hijira. Ibnul Ƙasim da Ashhabu, almajiran Imamu Malik da ta hannunsu mazhabar ta iso mana, suna can. Shehu Khalil mai Mukhtasar da ake karantawa a zaurukanmu yana can. Shaɗibi na ƙira'a yana can. Suyuɗi da muke jin tafsirinsa duk azumi, ya rasu 1505, kabarinsa yana Hoshi Ƙausun kusa da ƙofar Ƙarafa, kuma mutumin nan ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, har da Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Mansa Musa ma da ya bi ta Alƙahira zai tafi hajji a 1324, a unguwar Ƙarafa aka sauke shi. Ni duk lokacin da na ga bidiyon rusau ɗin nan sunayen nan ne ke faɗo min, wlh har barci yake hana ni.

Hadiza Mai Zane

Ag Agadas ka taɓo inda yake min ciwo. Abu Sumayya ga amsar tambayarka ta ƙarshe. Yanka maƙabartar da titi ba sabon abu ba ne, titin Salah Salim ya ratsa ta tun shekarun 1960. Amma na yanzu ya fi yawa, a watan Yulin 2020 aka fara rushe wani yanki a arewa saboda hanyar da suka sa wa suna Firdausi, a 2023 aka koma kudu wajen Imamu Shafi'i da Sayyida Nafisa, ana shafa wa katanga alamar fenti a ce dangi su zo su kwashe mamatansu a kai sabbin maƙabartu a bayan gari. A Oktoban 2024 da aka rushe wata ƙubba ta iyalan Muhammad Ali hayaniya ta yi yawa har ministan al'adu ya ce an dakata.

Hukuma tana cewa ba ta taɓa ginin da ke cikin rajistar kayan tarihi ba, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya cinye wasu kaburburan, wannan na ruwan kam gaskiya ne, akwai shi. Matsalar ita ce waɗanda ke cikin rajistar 'yan kaɗan ne, dubban hoshi masu shekara ɗari da ɗoriya, da ƙofofinsu da rubutun manyan marubuta a marmara, ba su ciki, ga shi kuma yankin duka yana cikin tsohuwar Alƙahira da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya tun 1979. In ka bar ƙubbar Ƙayitbay ita kaɗai ka share duk abin da ke kewaye da ita ka zagaye ta da kwalta, ka kashe rabin ma'anarta. Akwai matasan Misirawa masu sa kai da ke bin gaban katafila suna ɗaukar hoto suna ciro allunan marmara daga cikin ɓaraguzai, da yawa daga abin da ya rage na wasu wuraren hotunansu ne kawai.

Malam Sani Tudun Wada

Ag Agadas a kan tone mamaci ba mu da saɓani ko kaɗan, karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, haka hadisi ya ce. Ina nan a kan bakata game da ginin, amma wannan da ake yi ban goyi bayansa ba. Allah ya jiƙan malamanmu da ke kwance a wajen.

Abu Sumayya

Amin Malam. Kai jama'a na gode ƙwarai, ban taɓa sanin Warshu da Khalil a nan suke ba. Ɗan Azhar ƙanina yana shirin tahowa karatu bana in sha Allah, in ya iso zan haɗa ku, ana barin baƙo ya shiga kuwa ko sai da takarda?

Ɗan Azhar

Ba wata takarda, unguwa ce kamar kowace. Ya dai je da rana, kuma Juma'a da safe ta fi saboda akwai masu ziyara da yawa. Daga masallacin Azhar zuwa Ƙayitbay da ƙafa ma ana zuwa, a tsallaka Salah Salim ta gada kar ya ce zai ratsa titin, motocin ba sa tsayawa. In ya ga hoshi a buɗe ya yi sallama kafin ya leƙa tunda gidan mutane ne, kar ya ɗauki hoton mata, kuma ya riƙe ɗan canji na mai riƙe da makulli. Kaburburan Malikiyya da na Warshu suna cikin lungu ba zai gane su shi kaɗai ba, ka turo min lambarsa ta akwatin saƙo in ya sauka sai mu je tare.